Lasisin Barasa: Tsakanin Rasit da Katafila

Kwanakin baya a wata tashar mota da ke bakin babbar hanya, ina zaune a kujerar gaba ina jiran mota ta cika, sai na hangi direbanmu ya ratse wajen wata mai tire. Na ɗauka goro zai saya. Ya miƙa mata kuɗi, ita kuma ta ɗaga wani tsumma ta zaro masa 'yar leda wadda ba ta kai tafin hannun yaro ba. Ya fasa ta da haƙori, ya kurɓe a zuƙa ɗaya, ya goge baki da hannun riga, ya dawo ya tayar da mota. Mu goma sha takwas muka miƙa masa amanar rayukanmu na tsawon awa huɗu, kuma babu wanda ya ce uffan, har da ni. Addu'ar tafiya kawai muka ƙara tsawaitawa. Da na dubi ƙasa kafin mu fita, sai na ga irin waɗannan ledoji sun yi birjik a bakin kwata, alamar direbanmu ba shi ne farau ba a wannan safiya.

Mai karatu, abin da ke cikin ledar nan ya ninka giyar kwalba ƙarfi. Giyar kwalba da aka saba gani ba ta cika wuce kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na sinadarin da ke bugarwa ba, alhali ta ledar tana kai kashi 30 ko fiye. Ga ta da araha, ga sauƙin ɓoyewa a aljihun ɗan makaranta ko ƙarƙashin kujerar ɗan acaɓa, kuma ba ta bukatar kofi ko wurin zama ko ma minti biyu na lokacin mutum.

Duk lokacin da aka tayar da zancen barasa a Arewa, nan da nan muhawara ke rabewa gida biyu: masu cewa a hana ɗungurungum, da masu cewa ƙasar ta kowa ce, a bar kowa da abinsa. Hukuncin Musulunci a kan giya sananne ne, ba shi nake son maimaitawa ba, kuma akwai majami'u da yawa da su ma suke hana mabiyansu. Tambayar da ta dame ni ta hukuma ce. Wane kayan aiki gwamnati take da shi na kare matar mashayi da 'ya'yansa, da fasinjan da ke bayan direban da na ambata, wanda bai sha komai ba amma shi ma yana iya kwana a ɗakin ajiye gawa? Iya abin da na gani, kayan aikinmu biyu ne rak. A wasu jihohi katafila ce mai murƙushe kwalabe a gaban 'yan jarida, a wasu kuma rasit ne da ma'aikacin haraji ke yankewa sau ɗaya a shekara. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi da muka bari ba kowa a cikinsa, kuma a nan ne mutane ke mutuwa.

Haramta barasa a Arewa da dokar gwamnati ya girmi shari'ar da aka ƙaddamar a Gusau. A yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka sa wa hannu a birnin Burasel a 1890, sun amince a hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba a saba da ita ba, kuma a kan wannan ne Gwamna Lugga ya mayar da Arewa yankin haramci, a daidai lokacin da gwamnatin Kudu ke samun kaso mai tsoka na kuɗin shigarta daga harajin barasar da ake saukewa a bakin teku. Dokar barasa ta 1917 ta kasa ƙasar kashi uku: inda aka haramta, inda ake sayarwa da lasisi, da inda aka taƙaita. Sai dai jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano tun 1911, ya zo da ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, aka kafa musu Sabon Gari, aka kuma shiga ba wa baƙi takardar izinin sayen abin da aka hana ɗan ƙasa. Masanin tarihi Simon Heap, wanda ya bi takardun wancan zamani, ya nuna yadda fasa-ƙwauri ya bi layin dogo har wasu daga cikin Turawan mulkin da kansu suka ɗauki haramcin abin dariya. Burkutu da fito kuwa, waɗanda al'ummu da dama na Arewa ke dafawa tun kaka da kakanni, ba su taɓa daina tafasa ba. Daga baya dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi hukunci a sashe na 403 ga Musulmin da ya sha abin da ke da barasa ba don magani ba. Shekara uku bayan haka, a 1963, aka buɗe kamfanin giya a Kaduna, hedikwatar Jihar Arewa. Wato tun fil'azal tsarin namu ƙafa biyu gare shi, ɗaya a kan hani, ɗaya a kan kasuwa.

Bayan Zamfara ta fara aiki da shari'a a Janairun 2000, jihohi goma sha biyu suka bi wannan hanya kowace da irin nata salo. Kano ta kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, ta kuma yi wa Final Kod gyara a 2004 don hana sha da sayarwa a faɗin jihar. A Nuwamba 2013 Hisba ta murƙushe kwalabe kusan 240,000 a bainar jama'a. A Nuwamba 2020 adadin da ta ce ta lalata ya kai 1,975,000. Ana iya karanta waɗannan alƙaluma ta fuska biyu. Mai goyon baya zai ce dakarun sun ƙara himma, kuma babu mai musun cewa a cikin ganuwar Kano da unguwanni da yawa ba za ka ga gidan giya a buɗe ba, abin da iyaye ke godiya a kai. Amma ɗan kasuwa ba ya ci gaba da loda tirela zuwa garin da ba a sayen kayansa. Idan abin da aka kama ya ninka sau takwas cikin shekara bakwai, akwai alamar abin da ya sulale shi ma ba kaɗan ba ne. Kasuwannin barikin soja da na 'yan sanda suna nan a ƙarƙashin ikon tarayya, iyakokin jihohi ba su da ƙofa, kuma katafila kwalba take gani, ba ta ganin ledar da ke cikin safa.

Akwai kuma abin da bai kamata mu kau da kai daga gare shi ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kan shekarar 2017, ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya yi ƙamari. A watan Mayun 2018 ne gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC ya tona yadda ake kwankwaɗarsa. Ba na cewa hana giya ne ya haifi kodin. Abin da nake cewa shi ne, matashin da ke neman gusar da hankalinsa yakan sami hanya, kuma dokar da ta tsaya a kan kwalba kaɗai ta kashe maciji ne ba ta sare kansa ba.

To ina batun rasit? Mutane da yawa, har da masu ilimi, sun ɗauka lasisin barasa aikin Abuja ne. Ba haka ba ne. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa bayar da lasisi da tsarawa da sa ido kan sayar da barasa a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma dokar haraji ta 1998 ta sanya kuɗin wannan lasisi a cikin kuɗaɗen da ƙaramar hukuma ke karɓa. Nan ne gizo ke saƙa. Da yake sashen tara kuɗin shiga ne ke riƙe da littafin, kowane sabon gidan giya nasara ce a idonsa. Lasisi a asalinsa izini ne mai sharaɗi, wanda ake iya hanawa, ake kuma iya ƙwacewa. A hannunmu ya koma shaidar biya. A jihohi irin su Filato da Binuwai da Nasarawa da Taraba da Adamawa da Babban Birnin Tarayya, inda sayarwa ba laifi ba ce, ka tambayi shugaban ƙaramar hukumarku gidajen giya nawa ke yankinsa, nawa ne ke kusa da makaranta, ƙarfe nawa suke rufewa, kuma lasisi nawa ya soke bara saboda an sayar wa yaro. Ina tsammanin shiru za ka ji, ko a turo ka wajen ma'aji.

Domin a ga yadda lasisi yake idan an ɗauke shi da gaske, bari mu leƙa Sikotlan, yankin arewacin Birtaniya mai mutane kimanin miliyan biyar da rabi, ƙasar da ta yi suna wajen sarrafa wuski, ta kuma yi ƙaurin suna wajen cutar hanta. Ba ƙasar masu ƙyamar giya ba ce, shi ya sa darasinta ke da amfani. Dokarsu ta lasisi ta 2005 ta ɗora bayar da izini a kan manufofi biyar, kuma a ciki har da kare lafiyar jama'a da kare yara daga cutarwa. Kwamitin kansiloli ne ke zama a fili ya saurari mai nema, maƙwabta na da damar su ƙi amincewa, 'yan sanda da hukumar lafiya suna faɗin ra'ayinsu. Wajibi ne kwamitin ya auna ko wata unguwa ta riga ta cika da masu sayarwa, in ta cika yana iya hana sabon mai nema ko da takardunsa sun kammala. Kantin da ake saye a tafi gida ba ya sayarwa kafin ƙarfe 10 na safe ko bayan 10 na dare. Tun 2011 kuma an hana kantuna garaɓasar nan ta ka sayi da yawa a rage maka kuɗi.

Matakin da ya fi jawo ce-ce-ku-ce shi ne na farashi. Likitocinsu sun lura cewa masu mutuwa ba masu shan wuski mai tsada ba ne, masu shan barasa mafi araha ne mai ƙarfi, musamman wata giyar tuffa da ake sayarwa a robar lita uku kan ƙasa da fam 4. Sai majalisarsu ta yi doka a 2012 cewa kowane awo ɗaya na tsantsar sinadarin, wato mililita 10, yana da farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba. Wannan ba haraji ba ne, domin kuɗin ba ya shiga baitulmali. Ƙasa ce kawai aka yi wa farashi. Ƙungiyar masu sarrafa wuski ta garzaya kotu, shari'a ta je har Kotun Tarayyar Turai ta dawo, sai a Nuwamba 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta tabbatar da dokar. Ran 1 ga Mayu 2018 ta fara aiki a kan rabin fam kowane awo, kuma robar nan mai awo 22.5 ta tashi zuwa fam 11.25 dare ɗaya, alhali kofin giya a mashaya bai motsa ba domin dama ya fi wannan tsada.

Abin da ya burge ni ya wuce dokar kanta. Sun sanya mata wa'adin shekara shida, bayansa ta mutu sai in majalisa ta sake jefa ƙuri'a, suka kuma ɗora wa hukumar lafiya nauyin auna sakamako. Nazarin da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a Maris 2023, wanda ya kwatanta Sikotlan da Ingila inda babu dokar, ya ƙiyasta raguwar kashi 13.4 cikin 100 a mace-macen da barasa ce kaɗai sanadinsu, kimanin rai 156 a shekara, kuma raguwar ta fi yawa a unguwannin talakawa. Amma gaskiya ɗaya ce, dokar ba laya ba ce. A 2023 mutum 1,277 barasa ta kashe a can, adadi mafi yawa tun 2008, sai dai masu nazarin na cewa da babu dokar da ya fi haka. An kuma samu shaidar cewa wasu da shan ya riga ya zame musu jaraba sun rage kuɗin abinci ne maimakon su rage sha. Majalisa ta duba duka wannan, ta sabunta dokar a 2024, ta ɗaga farashin zuwa fens 65. Mu a nan, wace doka muka taɓa yi da sharaɗin a dawo a auna ta?

Afirka ta Kudu ma ta yi gwajin da ba ta shirya ba. A lokacin annobar korona ta dakatar da sayar da barasa har sau uku a 2020 don a rage cunkoso a asibitoci. Ranar 1 ga Janairun 2021 asibitin Baragwanath da ke Soweto ya wayi gari ɗakin ceton waɗanda suka yi mummunan rauni babu ko mutum ɗaya, abin da asibitin ya ce bai taɓa gani ba a safiyar sabuwar shekara. Dokar hana fitar dare ta taimaka, amma duk ma'aikacin jinya da ya taɓa kwana a sashen haɗurra ranar biki ya san warin da ke biyo masu karaya da sara. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, ta daɗe tana cewa matakai mafi arha kuma mafi tasiri su ne farashi, da taƙaita wuri da lokacin sayarwa, da taka wa talla birki.

Idan aka auna da wannan ma'auni, 'yar ledar da direbanmu ya sha ita ce kishiyar duk abin da aka gano yana aiki. Ta karya farashi har ya sauko daidai kuɗin tara na ɗan firamare, ta kuma fitar da barasa daga gidan giya, inda aƙalla akwai ƙofa da mai gida, ta kai ta kan tire da baro. Zambiya ta hana ta a 2012, Kwaddibuwa a 2016, Tanzaniya a 2017, Yuganda a 2019. Mu kuwa a Disamba 2018 hukumar NAFDAC da Ma'aikatar Lafiya suka ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin masu sarrafa barasa cewa za a daina zuba ta a leda da ƙananan kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, aka ba su shekara biyar su shirya. Wa'adi ya cika ran 31 ga Janairun 2024. Shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta sanar da fara aiwatarwa a Fabrairu, sai ga zanga-zangar ma'aikatan kamfanoni, ga ƙungiyar masu masana'antu, ga Majalisar Wakilai na neman a dakata. Aka ja baya, aka ƙara wa'adi zuwa ƙarshen 2025. A Nuwamba 2025 Majalisar Dattawa ta zartar da ƙuduri cewa kada a sake ƙarawa. Shekara bakwai aka shafe ana jan ƙafa a kan girman mazubi kawai, kuma waɗanda suka sa hannu da kansu ne suka fi kowa ɗaga murya.

Ba zan raina hujjar masu adawa ba. Aikin yi ba abin wasa ba ne a ƙasar nan, kuma wanda ke ciyar da iyali daga injin liƙe leda yana da haƙƙin a saurare shi, ko da yake shekara biyar aka bayar don a sauya injin. Hujjarsu mafi nauyi ita ce ta ogogoro. A Afrilun 2015 mutum 18 suka mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo, kuma a Yunin wannan shekarar kimanin 70 suka mutu a jihar Ribas, duk saboda barasar gida da ta gurɓata da gubar metanol. Idan aka tsauwala farashin ta kamfani aka bar ta bayan gida, talaka zai koma can, an gudu ke nan ba a tsira ba. Wannan gaskiya ne. Sai dai abin da yake nunawa shi ne bukatar a shigo da masu dafa burkutu da ogogoro cikin tsarin rajista da dubawa, ba a bar ledar a hannun yara ba. Shi ma harajin da aka ƙara a Yunin 2018, wanda ya fara da naira 1.50 a kan kowace sentilita ta barasa mai ƙarfi, ya nuna illar sanya adadin kuɗi tsayayye a ƙasar da hauhawar farashi ke cinye naira, domin ba a jima ba ya zama ba a bakin komai ba.

Saura magana mai wuyar faɗa a tsakaninmu. Na lura cewa a jihohin da Musulmi da Kirista ke zaune tare, kansila ko ɗan majalisar da ke ƙyamar giya yakan guji taɓa dokar lasisi kwata-kwata, don kada a ce ya halatta abin da addininsa ya haramta. Shi kuma wanda mazaɓarsa ke sha yakan ɗauki duk wani sharaɗi a matsayin shari'a ce ke shigowa ta bayan gida. Haka muhawarar harajin kayan masarufi ta 2021 ta ƙare, da gorin cewa masu fasa kwalba na cin kuɗin kwalba, ba tare da kowa ya tambayi nawa ake kashewa a kan masu ciwon hanta da waɗanda mota ta take ba. Sakamakon wannan gudun juna shi ne gidan giya jikin katangar makaranta, a buɗe har asuba. Batun ko taƙaita ɓarnar da ba ka da ikon kawarwa yarda ce da ita, na bar wa malamai, waɗanda suka fi ni sanin ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu. Ni dai na san cewa sa hannu a dokar da ta ce a rufe ƙarfe goma ya fi barin wurin babu doka.

Kuma ba sai an jira Abuja ba. Wannan jadawali na huɗu da ya ba ƙaramar hukuma lasisin barasa, shi ne dai ya ba ta kafawa da tsara tashoshin mota da kasuwanni. Ƙa'idar hanya ta riga ta ƙayyade cewa direba ba zai tuƙa ba idan barasar da ke jininsa ta wuce kashi 0.05 cikin 100, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra na da na'urar busawa. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi, ciyamomi ke ta neman a ɗauke su a matsayin gwamnati mai cin gashin kanta. Kowanne daga cikinsu na iya kiran shugabannin ƙungiyar direbobi da 'yan kamasho, waɗanda ko mai tallan ruwa ba ya shiga tasha sai da saninsu, ya kafa dokar cewa ba a sayar da barasa a cikin tasha ko bakin ƙofarta, ya ɗauke littafin lasisi daga teburin mai karɓar haraji ya miƙa wa kwamitin da ke da jami'in lafiya da mai unguwa da shugabar makaranta a ciki, sannan a ƙarshen shekara ya liƙa a allon sakatariya sunayen wuraren da aka ba izini da waɗanda aka ƙwace wa.